Amsa: Mai tsadar ce ta fi?

Malam, ka ce tsakanin haɗaɗɗun kwamfutocin tebur biyu ko mai tsadar ce ta fi. Ba lallai ba. Fara duba katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo, don galibi shi ke lashe mafi yawan kuɗin. Misali, katin RTX 4090 na da memori mai girman 24GB, RTX 5090 kuwa 32GB, kuma Nvidia mai ƙera su ta ce a haɗa RTX 5090 da na'urar ba da wuta mai wat 1000. A nan ake yi wa masu saye wayo: kati na gani na faɗa, amma na'urar wuta da fankoki na arha. Leƙa cikin akwatin ma. Idan madabod ɗin, wato babban allon da ake jona sauran kayan a kai, ƙirar kamfanin da ya haɗa kwamfutar ne shi kaɗai, canjin kaya gobe sai ka sha wuya. Fitilu masu launi ado ne kawai, ni dogon garanti ya fi min su.