Amsa: Shin sharaɗin Bankin Duniya na hana a ci kuɗin talaka?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko sharuɗɗan da masu ba da bashi ke gindayawa suna sa kuɗi ya isa hannun talaka. Mu nan Injamena, babban birnin Cadi, mun ga gwajin da idonmu.

A shekarar 2000 Bankin Duniya ya amince ya sa hannu a aikin bututun mai daga Doba a kudancin Cadi zuwa Kribi a Kamaru, tsawon kilomita 1,070. Sharaɗin shi ne dokar da Cadi ta kafa a 1999: kaso 10 cikin 100 na kuɗin man a ajiye wa 'yan baya, mafi yawan sauran kuma a kashe a lafiya, ilimi, hanyoyi da noma. A takarda kam, ba laifi. Mai ya fara gudu a 2003.

Ƙarshen 2005, da 'yan tawaye suka matsa daga gabas, gwamnatin shugaban Cadi na lokacin, Idriss Deby, ta gyara dokar, ta soke asusun 'yan baya, ta sa tsaro cikin jerin abubuwan da za a kashe wa kuɗin. Banki ya dakatar da bashi a Janairun 2006, aka sasanta, a 2008 Cadi ta biya bashin aikin bututun gaba ɗaya, Banki ya tattara nasa ya nasa.

To ka gani, sharaɗi yana da ƙarfi ne muddin gwamnati na buƙatar kuɗin masu ba da bashi. Da rijiya ta fara kawo nata, wa zai tsawata? Ni dai na fi ganin laifin Bankin, don shi ya san haka tun farko.