Shin ana iya dawo da ganin da hawan jinin ido ya ɗauke?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina rubuto maka daga unguwar Zariya a nan Maradi. Mahaifina ya haura shekara 60, an ce yana da hawan jinin ido. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu ne yake ɗiga wa magani. Na ga wani bidiyo a WhatsApp wai Turawa sun fara dasa wa makafi sabon ido. Gaskiya ne? Mu fara haɗa kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Labarin yana da tushe, sai dai an yanke masa wutsiya. A shekarar 2023 likitoci a birnin New York na Amurka sun dasa wa wani mutum ido ɗungurugum. Idon ya rayu, jini yana zagaya shi, amma mutumin bai gani da shi ba. Dalili kuwa shi ne jijiyar da ke kai hoto daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. A cikinta akwai zarurruka sama da miliyan ɗaya, kuma har yau ba a kai ga haɗa su a jikin ɗan Adam ba idan sun mutu. Kamar wayar lantarki ce da ta tsinke cikin bango, ko an sa sabon ƙwai ba zai kama ba. Wannan jijiyar ce hawan jinin ido ke ci sannu a hankali. Don haka kada ku sayar da gona ko bisashe saboda idon dama. Ku tattara ƙarfinku kan na hagu.

A nan ne bincike ya kawo abin da ya shafe mu kai tsaye. Da can ɗigon magani ne matakin farko, kullum, har ƙarshen rayuwa. Kowa ya san yadda ake fama: kwalba ta ƙare a ƙauye, kuɗi ya yanke, ko hannun tsoho na rawa maganin ya gangara kan kumatu. Yanzu akwai aikin hasken leza mai suna SLT. Mara lafiya na zaune, a ɗiga masa maganin kashe zafi, a haska magudanar ruwan da ke cikin ƙwayar ido na ƴan mintoci don ruwan ya riƙa fita hawan ya sauka, ya tashi ya koma gida. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2019, ya nuna ana iya farawa da shi tun kafin ɗigo. Wanda ya fi burge ni shi ne na garin Moshi a Tanzaniya, da aka fitar a 2021, domin a kan baƙar fata aka yi shi. Bayan shekara guda leza ta yi nasara a kashi 61 cikin 100 na idanu, ɗigon timolol kuwa kashi 31. Lezar ba ta dawo da ganin da ya tafi, tasirinta na iya raguwa har a sake yi, kuma ba kowane irin hawan jinin ido take yi wa ba. Ki tambayi likitan Baba ko ta dace da shi, da inda za a samu na'urar.

Ki kuma roƙa a duba ko akwai yana a idon hagun, don sau da yawa cutukan biyu kan haɗu a idon tsoho. Ita yana ana cire ta, a sa ƙwayar roba a madadinta, dashen da aka fara a Landan tun 1949. Amma ku yi nesa da masu yawo kasuwa-kasuwa suna tura yana ciki da tsinke. Idanu da yawa sun mutu a hannunsu.

Sauran abin da za ki ji ana yayatawa na wasu cutuka ne daban. Allurar cikin ido ta masu ciwon sukari ce da lalacewar tsakiyar gani. Maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Luxturna, da Amurka ta amince da shi a 2017, na wata makantar gado ce da ba kasafai ake samunta ba.

Kafin ku ga likitan, kada Baba ya tsallake ɗigo ko da na yini ɗaya. Idan azumi ya zo, likita zai iya mayar masa da lokutan zuwa sahur da bayan shan ruwa. Kada a saya masa wani maganin ido a tebur, domin wasu na ɗauke da sinadarin da ke ƙara hawan. Sannan cutar tana bin jini, kuma ta fi saurin kama baƙar fata. Yawanci ba ta ciwo, daga gefe take fara cin gani, mutum bai ankara ba. Ke da ƴan'uwanki da ƙannen Baba ku je sashen ido a auna ku, a leƙa jijiyar, musamman wanda ya kai shekara 40.