Flux ko SQL, wanne ya fi sauƙin sha'ani?

Tambaya: Salam Malam, ina tara bayanan batirin solarmu duk minti, wai wane yaren tambayar database zan koya? Flux ɗin nan ya sha min kai wallahi.

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, ai ba kai kaɗai ba, su kansu masu InfluxDB (database mai adana bayanai bisa lokaci) da suka tallata yarensu na Flux a siga ta 2, da suka zo ta 3 sai suka koma SQL (sanannen yaren tambayar database) da InfluxQL (tsohon yarensu mai kama da SQL). Ni dai gwajina ɗaya ne, rubuta tambayar matsakaicin cajin kowace awa na jiya, ka ajiye sati guda ka dawo, in ka karanta ka gane to yaren ya yi. A TimescaleDB, wata database irin wannan mai aiki da SQL, time_bucket (umarnin kasa bayanai bisa lokaci, kamar awa-awa) kawai zaka sa, sauran duk SQL ɗin da ka sani ne.