Kwikwiyona yana ta zawo, ya halatta in yi jinyarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan kwikwiyo wata uku da na kawo don gadin dabbobina, tun jiya yake zawo ya ƙi cin komai, wasu na cewa kashe kuɗi a kan kare ɓarnar dukiya ce wai in bar shi kawai. Ya hukuncin yake, kuma ya zan yi da kashin da ya taɓa min kaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ajiye kare don gadin dabbobi ko gona ko farauta ya halatta, hadisin da ya yi maganar raguwar ladan mai ajiye kare shi da kansa ya cire waɗannan. To tunda kai ka ɗauko shi haƙƙinsa na wuyanka, cinsa da shansa da maganinsa. Masu cewa ɓarna ce sun manta da hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, mutumin da ya ga kare na lallage harshe yana lasar ƙasa don ƙishi, ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya ba shi, Allah ya gafarta masa. Kuɗin da ka biya likitan dabbobi lada ne in sha Allah.

Amma wallahi abin da ya fi damuna a maganarka shi ne ya ƙi cin abinci. Zawon canjin abinci ko na madarar shanu yakan zo ya wuce, kwikwiyon na wasansa yana shan ruwa. In kuwa ya haɗu da amai, ko jini a kashin da wani irin wari mai tada zuciya, ko ya kwanta laƙwas, ko zawon ya wuce awa 24, wannan ba na jira ba ne, zai iya zama fabo, wata muguwar cutar hanjin karnuka da ke kama ƴan sati 6 zuwa wata 6 da ba a musu rigakafi ba, kuma ruwan jikinsu saurin ƙarewa yake. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, in ya bushe ko ya yi fari fat, ko ka ja fatar wuyansa ta ƙi komawa da sauri, yau ɗin nan ka kai shi a yi masa ƙarin ruwa. Kar ka ba shi farasitamol ko maganin mutane, yana iya halaka shi.

Batun tsarki kuma, a mazhabar Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma kashinsa najasa ne, ka wanke inda ya taɓa har launi da wari su fita sai ka yi sallarka. Ka wanke wurin da ya yi kashin da bilic, ka ware shi daga sauran karnuka, yara kuma su nisanci kashin saboda ƙwan tsutsar ciki na iya shiga jikinsu. Wallahu a'alam.