Sarin buwat na okaziyo ko gyaran tsofaffi: a ina ribar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayar da ƙananan kayan mota irin su filta da bel da takalmin birki. Allah ya hore mini sefa miliyan 3. Masu tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna yawan tambayata buwat, wato akwatin giya, ni kuwa ba na ajiyewa. Wani abokin hulɗata a Duwala ya ce zai riƙa aiko mini da na okaziyo, wato na hannu da aka ciro daga wasu motoci, kowace ta iso Garwa a kan dubu 375, in sayar dubu 435. Shi kuma ɗan ƙanwata, wanda ya daɗe a garaj yana buɗe buwat, ya ce in saya masa kayan aiki mu riƙa gyaran tsofaffi. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a abin da aka tara.

Bari mu fara da lissafinka, da alƙalumman da ka kawo da kanka. Miliyan 3 za ta saya maka buwat 8 cif, ba ko dala a aljihu. In duka sun fita lafiya, ribarka dubu 480. In ɗaya ta dawo, direba ya ce tana kuka ko tana tsalle daga giya ta biyar, bakwai ɗin da suka rage sun kawo miliyan 3 da dubu 45. Dubu 45 ɗin nan ita ce ribar duk zagayen, sai gawar ƙarfe a bayan shago. In biyu suka dawo kuwa, uwar kuɗi ka fara ci. Kuma dawowar ba abin mamaki ba ce, domin buwat ɗin da aka ciro daga motar da ba ka taɓa gani ba, cinikin biri a sama ne. Za ka iya kwance maƙullin mai ka duba ko akwai garin ƙarfe, ka juya sandar gaba da hannu ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, amma kukan rulman, wato boris ɗin da sanda ke juyawa a kai, ba ya fitowa sai mota ta ɗauki kaya ta hau hanyar Figil. Mai aiko maka daga Duwala ba zai karɓa ba bayan an ɗaura, kuma ko ya yarda, kuɗin mayar da ita ta Ngawundare wa zai biya?

Shawarar ɗanka ta fi kusa da inda kuɗin yake, sai dai yadda ya faɗe ta ma tana da rami. In kun zauna jiran mai mota ya kawo buwat ɗinsa ku buɗe, ladan aiki kawai za ku ci, kuma kun shiga layin kowane bakanike a garin. Ga motar a tsaye mako guda ana jiran rulman daga Kano ko Duwala, mai ita kullum yana bakin ƙofa yana huci.

Ka tsaya ka dubi abin da ke damun mai akori-kura. Kuɗin gyara na yi masa ciwo, amma zaman motar ya fi. Wanda ke ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Pitowa ranar Lahadi da Adumri ranar Alhamis, in motarsa ta kwana bakwai a kan jak, ya rasa kasuwa biyu, kuma fasinjojinsa sun saba da wata motar. Mai jigilar albasa daga yankin Marwa ma haka, kaya ba ya jiran bakanike. Wannan mutumin zai biya ƙari da daɗin rai in aka ce masa ya kawo mota da safe ya ɗauka da la'asar.

Saboda haka abin da nake ba ka shawara shi ne musaya. Ka ajiye buwat gyararru a shirye, mai mota ya zo a sauke tasa a ɗora taka, ya biya, ya bar maka tsohuwar. Ita kuma ku gyara ta a natse ta jira na gaba. Tsarin kwalbar gas ne, ka kawo wofi ka tafi da cikakkiya. A ce, don misali kawai, kayan ciki na buwat ɗaya sun ci dubu 120, ladan ɗanka dubu 40, ka bayar a kan dubu 300 tare da karɓar tsohuwa. Abin da ya rage maka dubu 140 ne, kuma jarin da ya kwanta a kowane zagaye bai kai rabin na okaziyo ba. Ka cire nawa alƙalumman ka sa na gaskiya da za ka samo a kasuwa. In ratar ba ta kai ta ɗauki gyaran wadda za ta dawo ba, farashin bai yi ba.

Tsohuwar da za a bar maka ita ce jarinka na gobe, don haka kada a karɓe ta da ido rufe. Mai mota ya ajiye kuɗin jingina, a buɗe tasa a gabansa ko gaban bakanikensa. In kwanson ya tsage, ko haƙoran babbar sanda sun karye, jinginar ta zama taka. Canjin rulman da zoben sinkoro masu daidaita shigar giya da robobin hana yoyo gyara ne mai riba. Da zarar an shiga sayen pinyo, wato ƙarafa masu haƙoran giya, da sanda sababbi, kuɗin ya doshi na wata buwat ɗin, gara a farke ta a ci moriyar sassanta.

Inda 'yan kasuwa suka fi ƙonewa a wannan harka shi ne zaton cewa buwat ɗin Toyota duk ɗaya ne. Land Cruiser mai injin 1HZ, dizal ɗin nan mai lita 4.2 da ya fito a 1990, ta zo da buwat iri biyu a ƙirar da muke gani a nan. HZJ75 tana da H55F, ita kuwa HZJ79 da ta gaje ta a 1999 tana da R151F. Giyar farko ta H55F 4.84 ce, ta R151F 4.31, ta R150F kuma 3.83. Ƙaramin bambanci ne a takarda, amma direban da ya cika mota da buhunan masara yana son tashi cikin yashin mayo, wato rafi, zai ji shi a ƙafarsa, kuma faifan ambreyaj, wato kuloci, ne zai biya. Ana samun R151F a Hilux ma, sai dai suna ɗaya bai sa ta hau Land Cruiser kai tsaye ba. Tsofaffin Hilux kuma akwai masu G52, akwai masu W56. Harafin F a ƙarshen R150F da R151F yana nufin ta mai jan ƙafa huɗu ce, wutsiyarta daban da ta mai ƙafa biyu. Kafin a ce wannan za ta maye gurbin waccan, sai an gwada bakin da ke haɗuwa da inji, tsawon sandar gaba da yawan haƙoranta, mazaunin transfa mai raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, tsawon kardan, wato sandar da ke kai juyi ga ƙafafu, inda sandar giya ke ɓullowa cikin gida, da ko ma'aunin gudu na waya ne ko na lantarki. Abokin cinikin da aka yanke masa kardan aka yi walda don buwat ta zauna, ranar da motar ta fara rawa a hanya sunanka zai kira.

Wannan ne ya sa nake cewa ka tsaya a kan iri biyu, in ya yi yawa uku. Ka zagaya tashoshin da motocin ƙauye ke lodi, ka tambayi masu garaj wace ce ta fi zuwa musu, ka zaɓa daga nan. Peugeot 504 akori-kura, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, har yanzu tana aiki, amma masu ita galibi ba su da ƙarfin biyan musaya. Ka bar wa masu garaj. Buwat mai canja kanta kuwa, kada ɗanka ya taɓa ta yanzu, wani ilimi ne daban da kayan aiki daban.

Game da rabon kuɗin, da ni ne sai in kasa su biyar. Kaso ɗaya na kayan aiki: injin matsa rulman, maciri, filayar zobe, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da ma'aunin rata, domin a buwat ɗin Toyota zoben da ke riƙe rulman kauri-kauri ne, aunawa ake yi a zaɓa. A cikin wannan kason har da ɗaki mai ƙofa da teburi, saboda buwat ɗin da aka haɗa a ƙasa cikin ƙurar hunturu ta fara mutuwa tun kafin a ɗora ta. Kaso biyu na sayen matattun buwat da za ku fara da su, da guda ɗaya ko biyu na okaziyo daga mutuminka na Duwala, su ma a buɗe su a duba kafin su fita. Kaso ɗaya na kayan ciki. Na biyar ɗin kada ka taɓa shi, na garanti ne.

Kayan ciki kada ka yi musu rowa. Rulman na jabu ya cika kasuwa, a cikin kwali mai sunan Koyo ko NSK ko Nachi, kuma ido ba ya rabewa da sauƙi. Ka sami dila ɗaya da za ka iya mayar wa da kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano yake ko a Duwala, ka riƙe shi ko da ya fi tsada. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a 2023 sari daga Najeriya ya yi wa mai sefa sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma dilolin can suna ɗaga farashi su bi canji. Ka riƙa yanka farashinka da abin da za ka kashe ka sake sayo kayan, kada ka tsaya kan abin da ka biya wancan karon. Takardar duwan, wato kwastan, kuma ka adana ta, haka rasidin duk matacciyar buwat da ka saya, da sunan mai sayarwa da lambar motar da aka ciro ta. Kayan sata na yawo a wannan layi, kuma jandarma ba ya tambayar niyya.

Garanti shi ne abin da zai raba ka da mai okaziyo, amma a rubuce, da iyaka. Wata uku ya isa. Sharaɗi na farko, ku ne za ku zuba mai, 75W-90 mai kyau, a rubuta ranar. Na biyu, a duba ambreyaj ranar ɗaurawa. Sau da yawa direba zai ce giya na gurzawa, alhali ambreyaj ne ba ya saki. Alamarsa ita ce gurzar ta fi yawa a giyar farko da ta baya. In kuka na tashi a duk giya ban da ta huɗu, wannan daga ciki ne, domin ta huɗu kai tsaye take wucewa ba ta dogara da sandar ƙasa. Ɗanka ya san wannan, amma kai ma ka sani, don kada ka canja buwat kyauta a kan laifin da ba nata ba. Na uku, ruwa. Da damina mota ta tsallaka mayo, ruwa ya shiga ta ƙofar numfashi, mai ya koma kamar koko. Wannan ba ya cikin garanti. Sai ka gaya wa kowane direba baki da baki cewa giya ta biyar ba ta lodi ba ce. In an cika mota ana hawan dutsen Ngawundare, a zauna a ta huɗu.

Masu garaj kuwa, kada ka mai da su kishiyoyi. Su ne direba ke tambaya kafin ya sayi komai. Ka bar musu aikin saukewa da ɗorawa su ci ladansu, ka ƙara musu la'ada a kan kowace buwat da suka kawo mai saye. Bashi dai ka yi taka-tsantsan: a wannan harkar abin da ka bayar yana tafiya Tuboro ko Kusiri, ba ka ganinsa. Wanda ba ya da cikakken kuɗi, ya biya kuɗin kayan ciki gaba ɗaya tukuna, ragowar a sa rana.

Saura maganar yaron, kuma ita ce na fi jin tsoro. Duk sana'ar nan a hannunsa take. Ran da ya yi fushi ko wani ya ja shi Njamena, kai da tarin ƙarfe za a bari. Zumunci ba ya hana rubutu, ayar bashi ta Suratul Baƙara ma rubutu da shaidu ta yi umarni. Ku zauna gaban manya biyu na gida a rubuta cewa kayan aiki naka ne, ladansa a kan kowace buwat kaza ne, yana da kaso a riba a ƙarshen shekara, kuma wadda ta dawo saboda kuskuren haɗi zai sake ta ba lada. Ka sa masa yaro ɗaya mai hankali ya riƙa koyo tun ranar farko.

Kafin ka kashe ko sisi a kan kayan aiki, ka gwada hannunsa. Sayi matacciyar buwat guda ɗaya, ya gyara ta da aron kayan garajin da yake, a ɗora wa direban da ka sani mai zuwa kasuwannin ƙauye, a rangwanta masa, ya yi wata biyu yana aiki da ita. In ta riƙe, sai ku fara tara gyararru a ƙarshen damina, ta yadda lokacin da hanyoyi suka bushe, aka shiga jigilar amfanin gona da hada-hadar auduga, kuna da huɗu ko biyar a kan kanta.