Biyan harajin ƙasa ba ya mayar da gida naka, amma rashin biyansa yana iya raba ka da shi

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce ka sayi gida shekara 15 da suka wuce, takardar shaidar mallaka ta C of O tana hannunka amma har yanzu da sunan wanda ya sayar maka, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu an kawo takardar bashin harajin ƙasa, wato kuɗin da mai fili ke biyan gwamnati kowace shekara, na shekaru masu yawa, 'ya'yan marigayin kuma suna cewa gidan bai taɓa fita daga hannun mahaifinsu ba. Kana so ka san ko ya dace ka biya bashin, kuma ko biyan zai tabbatar maka da gidan. Ni ba lauya ba ne, amma irin wannan ta faɗa wa gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ni na riƙe fayil ɗin tun daga farko har ƙarshe.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi gidan da muka tashi a ciki daga hannun wani abokin kasuwancinsa. An rubuta takardar ciniki a gaban shaidu huɗu, mai unguwa ya sa hannu ya buga hatiminsa, aka miƙa wa mahaifinmu asalin C of O ɗin, ya kulle ta a akwati. A ganinsa magana ta ƙare, domin ya biya kuɗi, ya karɓi makulli, ga takarda a ɗaki. Bai canja suna ba, bai kuma taɓa biyan harajin ƙasa ba, ba don ƙin biya ba sai don babu wanda ya faɗa masa akwai shi. Bayan sama da shekara 20, shi da mai sayarwar duk sun koma ga Allah, sai magadan wancan suka zo suka ce jingina aka yi, ba sayarwa ba, kuma sun zo da kuɗin fansa. Hujjarsu rasit ne na harajin ƙasa da suka je suka biya da sunan mahaifinsu ba tare da saninmu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da suka samu kuwa ita ce sunan da ba a canja ba.

Abin da na fara koya shi ne cewa magana biyu ce a nan, kuma haɗa su wuri guda shi ke rikita mutane. Bashin haraji tsakanin fili ne da gwamnati. Rikicin mallaka kuma tsakaninka ne da magada. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da C of O ke ba mutum haƙƙin zama ne na wani wa'adi, yawanci shekara 99 ga gidan zama, bisa sharaɗin biyan kuɗin ƙasa kowace shekara. Sashe na 10 na dokar ya mayar da wannan biyan sharaɗi a cikin kowace takarda, sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke takardar idan aka saɓa sharaɗin. Kada ka ɗauka barazana ce ta baki kawai. A watan Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 da suka haura shekara 10 ba a biya musu harajin ƙasa ba, a watan Mayu kuma aka fara rufe gine-gine, har da hedikwatar jam'iyyar PDP, kafin Shugaba Tinubu ya ba da wa'adin kwana 14 a biya. Doka ta ce sai an aika da sanarwa kafin a soke, amma sanarwar da sunan wanda ke cikin fayil ake rubuta ta, kuma a halin da kake ciki wannan sunan na mamaci ne.

Saboda haka shawarata ita ce ka biya, ko da kana ganin wani ɓangare na bashin tun zamanin mai sayarwar ne. Ofishin filaye ba ya duba wanda ya kwana a gida a wace shekara, lambar fayil yake bi. Idan aka soke takardar, kai da magadan duka za ku wayi gari kuna shari'a a kan abin da ya koma hannun gwamnati. Sai dai ka kula da yadda za ka biya. Ka je da kanka ka nemi a fitar maka da lissafin bashin a rubuce, ka biya ta banki daga asusun da ke ɗauke da sunanka, ka ajiye shaidar bankin tare da rasit, kuma lauyanka ya rubuta wasiƙa zuwa ofishin cewa kai ne ka biya a matsayin wanda ya sayi gidan, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Kada ka ba dillali ko wani mai cewa ya san hanya kuɗi a hannu. Ka kuma bambanta wannan da harajin gidaje da ƙaramar hukuma ke karɓa, domin rasit ɗin ɗaya ba ya rufe bashin ɗayan.

Game da tambayarka ta biyu, amsar ita ce a'a. Rasit ɗin haraji yana nuna an biya ne kawai, ba ya nuna waye mai gida, kuma wannan ƙa'idar ce ta cece mu, domin rasit ɗin da magadan suka riƙe bai tabbatar musu da komai ba. Hatta C of O ɗin kanta Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 cewa shaida ce ta farko wadda ake iya rushewa idan wani ya kawo hujjar da ta fi ta ƙarfi. Abin da ya tsaya mana shi ne takardar cinikin da ta ce sayarwa ƙarara, da shaidu biyu da suka rage a raye, da kasancewar asalin C of O a hannunmu, da kuma cewa mahaifinmu ya rushe ɗakuna ya gina sababbi a kan idon mai sayarwar bai taɓa ɗaga murya ba. Wanda ya jinginar da gida ba ya tsayawa yana kallo a rushe masa soro. Malamai ma sun ja hankalin magadan cewa a fiƙihun Malikiyya akwai hukuncin hauzi, wato wanda ya riƙe gida shekara 10 yana sarrafa shi, mai da'awar yana gari yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa, ko da yake wannan ba ya aiki idan an tabbatar da aro ko jingina ko amana ce, kuma tsakanin 'yan uwa wa'adin ya fi haka tsawo.

Don haka tun yau ka nemi shaidun cinikinka. Wannan ya fi komai gaggawa a wurina, domin ɗaya daga cikin namu ya rasu wata kaɗan bayan ya ba da shaida. Wanda ke raye a kai shi ya yi rantsuwa a rubuce a kotu. Sannan lauya ya binciki fayil ɗin, a ga ko an taɓa ajiye takardar a banki an ci bashi, ko wani ya kai rahoton ta ɓata yana neman sabuwa. Ana yin wannan a hukumar da ke ajiye bayanan filaye: a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja kuma AGIS.

Raunin da ke gare ka, wanda mu ma muka yi fama da shi, shi ne sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye, wanda ya ce ba a miƙa fili mai C of O ga wani sai da amincewar gwamna. Hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin wannan amincewar ba. Tun da mai sayarwar ya rasu, magadansa ne za su sa hannu a takardar miƙa mallaka, ko kuma kotu ta ba da umarni, kuma sashe na 39 ya ce Babbar Kotun Jiha ce ke sauraron rikicin fili irin wannan. Mu mun kai can, amma ba mu jira hukunci ba. Da magadan suka ji shaidu, dattawan unguwa suka shiga tsakani aka yi sulhu, muka mayar musu da kuɗin harajin da suka biya, suka sa hannu gaba ɗayansu, mata da maza, aka kai yarjejeniyar kotu ta zama hukunci. Kada ka yarda babban ɗa shi kaɗai ya sa hannu a madadin sauran, sai in yana da wakilcinsu a rubuce. Daga nan muka biya ragowar bashin da kuɗin hatimi da na rajista, muka nemi amincewar gwamna, aka shigar da sunayenmu a fayil. Yanzu duk farkon shekara nakan je in biya, in sa rasit ɗin a cikin akwatin nan na mahaifinmu tare da sauran takardun. Allah ya warware maka cikin sauƙi.