Tambaya da Amsa: Oga ya ce falona ya koma yunifom ɗin 'yan firamare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ki ba ni shawara kaina ya ɗau zafi. Wata biyu ke nan da muka tare a Kubwa, gidan haya ne, sai na ga wata kala a Instagram wai ita dusty mauve, kamar ruwan albasa take amma ta ɗan dusashe kamar an barbaɗa mata toka, wallahi ta tafi da ni. Na nuna ma mai fenti hoton a waya ya ce ai ƙaramin aiki ne, ya sayo farin fenti bokiti biyu da 'yan kwalaben kala ya dama a gabana. Da rana ba laifi amma da an kunna wuta da daddare sai falon ya rikiɗe ya zama shunayya sosai, kuma bango ɗaya ya fi sauran duhu. Oga ya ce kamar yunifom ɗin 'yan firamare. Kujeruna ruwan toka ne, labule ban saya ba tukuna. In sake fentin ne ko da gyara? Daga ƙanwarki a Kubwa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ce ma oga ya yi haƙuri ya ba mu sati ɗaya, kuma kar ki sayi labule tukuna, wannan ne kawai wayon da kika yi cikin lamarin.

Kafin ki kira kowa, hau kujera ki ciro ƙwan fitilar falon ki karanta abin da aka rubuta a gindinsa. Ina kyautata zaton za ki ga 6500K, lambar da ke nuna launin hasken ƙwan ke nan. Irin farin ƙwan nan ne da ya cika kasuwa, haskensa yana da shuɗi a ciki, ita kuwa wannan kalar haɗin ja ce da shuɗi da toka, to duk wanda haske ya goya wa baya shi ke fitowa. Farin ƙwai ya taso da shuɗin ya danne jan, shi ya sa da daddare kike ganin yunifom. Ki nemo mai 3000K, ko 2700K in kina son ya fi haka taushi, wato mai hasken nan da ke ɗan ja kamar na fitilar ƙwai ta da, ki saka biyu ki zauna ki kalli bangon bayan isha'i. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa, kuɗin ƙwai biyu maimakon kuɗin fenti da na lebura. In kuma kin ga ya yi ruwan hoda da yawa, akwai 4000K a tsakiya.

Bangon da ya fi duhu kuwa, wannan aikin hannun mai fentinki ne. Bokiti biyu ya dama, kowanne da ido, kuma babu idon da zai ɗiga kala daidai wa daida sau biyu. Ba na ce mugu ba ne, masu fentinmu da yawa gwanaye ne a ruwan madara da fari da ruwan toka, amma wannan kalar ba ta yafiya, ɗigo kaɗan ya wuce sai ta zama ta ɗakin 'yar tsana, toka ta yi yawa sai ta zama kamar bangon da ya shekara goma ba a taɓa ba. Sannan hoton waya ba abin aunawa ba ne sam, ki buɗe hoton nan a wayarki da ta oga ki jera su ki gani, kala biyu za ki gani, balle masu ɗora hotunan sai sun gyara hasken kafin su saka. In za ki sake, ki je shagon da ke da injin haɗa kala, manyan kamfanoni irin su Dulux da Berger suna da wannan tsarin, ki zaɓa daga katin kalolinsu, kowace kala da lambarta, ki rubuta lambar ki ajiye saboda ranar da yara za su yi miki zane da biro. Ki fara da ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin kamar sallaya a bango biyu, na kusa da taga da wanda ke cikin inuwa, shafi biyu, a bar shi ya bushe don ɗanyen fenti ƙarya yake yi. Ki duba da safe, da la'asar, da dare. Kuma ki ɗauki wadda ta fi haske da mataki ɗaya a kan wadda ranki ya kwanta da ita a kati, kala tana ƙara ƙarfi in ta mamaye bango huɗu.

Lissafi kuma kar a cuce ki: lita ɗaya tana shafe wajen murabba'in mita 10, ɗakin ƙafa 12 da 12 bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 ba in an cire ƙofa da taga, shafi biyu kenan lita 8, galan biyu masu lita 4. In bokiti ya fi ɗaya a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara. Ki tsaya a kansa kar ya tsinka da ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin bokitin.

Wani abin dariya, kalar nan da muke ɗauka sabon yayi ce ta girmi kakanninmu. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga kwaltar da ake samu daga kwal, magani bai samu ba sai wani baƙin dagwalo a gindin kwalba, da ya zo wankewa ya ga yana rina tsumma shunayya. Shi ne rinin kanti na farko da ya shiga kasuwa, sunan mauve ɗin kuma Faransanci ne, sunan wani fure. Mu dai da ma ruwan albasa muka sani a wajen anko.

Sai kujerunki. Ruwan toka da wannan kalar suna zama lafiya amma dukkansu masu sanyi ne, in kika ƙara labule ruwan toka falon zai yi kamar ana zaman makoki. Labule ki sayi ruwan madara mai kauri, teburin tsakiya na katako ruwan zuma ko ruwan goro, ɗan ruwan gwal a sandar labule da firem ɗin ayatul kursiyyu, filon kujera biyu koren zaitun, shi ke nan. Silin a bar shi fari. Dan Allah ban da sayen kafet da labule da filo duk ruwan albasa wai don su yi maci, na shiga wani gidan amarya a Gwarimpa da aka yi haka har da kwandon shara, sai da idona ya yi yaji. Ni a son raina ma bango ɗaya ya isa a falo, wanda ke bayan doguwar kujera, sauran ukun ruwan madara, in ya so uwar ɗaki ki yi mata duka huɗun don can ta fi daɗi. Da haka kin huta da bangon da ya fi duhu ma, ki bar shi a matsayin na ado ki rufe sauran.

Ki sayi fenti mai ɗan santsi da ake gogewa, wanda suke ce ma satin, saboda jar ƙurar Abuja in hunturu ya shigo, sai dai yana tona asirin bango mai gargada, in filastar ba ta yi sumul ba a fara yi mata sikiridin, wato shafen da ke daidaita fuskar bango. Tunda haya ne ki sanar da mai gida ko ejan, kar ranar tashi a zaftare miki kuɗin ajiya a ce za a mayar da fari.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Na kusa gama gini a Lugbe, madam ta dage sai an yi ma wajen gidan da katanga irin wannan ruwan albasar. Ya kika gani?

AMSA: Alhaji Allah ya sa a shiga lafiya. Ni dai ban ba da goyon baya ba. Kalolin da ke da ja da shunayya su rana ta fi saurin cinyewa, gefen da ke kallon yamma zai koɗe ya bar sauran, ga feshin jar ƙasa a gindin katanga da damina. Ka ba ta ciki ta yi yadda take so, waje a yi ruwan ƙasa mai haske da fentin da aka yi don waje. Sabuwar filasta kuma a ba ta kamar sati huɗu ta bushe, a sa farin shafin farko na ƙasa kafin kala, in ba haka ba gishirin siminti zai fito ya yi mata fari-fari kamar ƙyasbi.